Tsohuwar Takardar Kuɗi Da Darajar Ɗan Adam: Abin Da Maƙwabtanmu Kiristocin Damagaram Suka Yi Imani Da Shi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfa a Kasuwar Dole ta Zinder ranar Alhamis ya san irin wannan gardama. Mai saye ya gama ciniki, an auna masa gero ko an yanka masa yadi, sai ya zura hannu aljihu ya zaro takardar jikka guda wadda ta sha wuya. Ta yi baƙi da maiƙo, an ƙudundune ta an warware har ta yi laushi kamar tsumma, ga ɗaurin salatif a tsakiya. Mai kaya ta juya ta gaba da baya, sannan ta miƙa masa abarsa.

"Haba Hajiya, ai kuɗi ne!"

"Kuɗi ne ɗana, amma canza mini. Wanda zan kai wa ba zai karɓa ba."

Kowannensu na da gaskiyarsa. Takardar ta lalace, babu mai musun haka. Amma idan aka kai ta reshen babban bankin BCEAO da ke Zinder, muddin abin da ya rage nata ya isa a shaida ta, za a karɓa a ba da sabuwa, domin darajarta tana tattare ne da hatimin hukumar da ta buga ta. Dauɗa tana hana ta shiga hannun mutane, amma jikka tana nan jikka.

Wannan misali ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Kusan shekara 1,600 ke nan malaman addinin Kirista suna amfani da misalin kuɗi domin bayyana wata aƙida tasu game da ɗan Adam. Suna cewa Allah Ya halicci mutum cikin siffarSa, zunubi ya ɓata wannan siffa, kuma akwai hanyar maido ta. A kan wannan aƙida za mu yi nazari a yau. Ba wa'azi muka zo yi ba, ba kuma gardamar addini ba, kowa ya riƙe nasa. Sai dai masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma garin Zinder ya taɓa ɗanɗana kuɗar wannan duhu.

Su wane ne waɗannan maƙwabta?

Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar Nijar ba, kamar yadda ƙidayar 2012 ta nuna. Duk da haka sun daɗe a Damagaram. A Zinder ne ƙungiyar mishan ta SIM ta fara zama a ƙasar Nijar a shekarar 1924, a lokacin da garin yake hedikwatar mulkin Faransawa, shekara biyu kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Daga baya mabiya ɗariƙar Katolika su ma suka kafa majami'arsu, wadda tun 2001 take ƙarƙashin babban limaminsu na Maraɗi. Daga aikin SIM ne aka samu ikkilisiyar EERN a farkon shekarun 1960.

A cikinsu akwai Hausawa 'yan ƙasa, akwai kuma waɗanda neman abinci ya kawo iyayensu daga Benin da Togo da Barkina Faso da Nijeriya. Da su muke ciniki, wasu sun koyar da 'ya'yanmu, wasu sun yi jinyar marasa lafiyarmu a likita. Muna gaisawa da su kullum, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar abin da suke karantawa ranar Lahadi game da mutum da darajarsa.

Mene ne siffar Allah a wurinsu?

Maganar ta samo asali ne daga surar farko ta Littafin Farawa, wato littafi na farko a cikin Littafi Mai Tsarki, aya ta 26 da ta 27. A nan aka ba da labarin cewa bayan Allah Ya halicci sama da ƙasa da tsirrai da dabbobi, sai Ya halicci mutum cikin siffarSa da kamanninSa, namiji da mace, Ya kuma ɗanka musu kula da sauran halittu.

Mun san Musulmi da yawa za su ji wannan magana ta yi musu nauyi a kunne, domin Alƙur'ani mai girma a Suratush Shura aya ta 11 ya tabbatar da cewa babu abin da ya yi kama da Allah. To, ya kamata a sani cewa manyan malaman Kirista su ma ba su fassara maganar da kamannin jiki ba. Sun yi imani Allah ba Shi da jiki irin namu, kuma ido bai taɓa ganin Sa ba. Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. Hoton da ke kan kwabo ba shi ne sarki ba, alama ce da ke nuna na wane ne kwabon.

Idan aka bi rubuce-rubucensu za a ga abubuwa uku da suka fi nanatawa. Na farko shi ne hankali da zaɓi: an bai wa mutum ikon tunani da rarrabe alheri da mugunta, abin da ba a bai wa raƙumi ko tunkiya ba. Na biyu shi ne zumunci: an yi mutum domin ya san Mahaliccinsa, ya ƙaunace Shi, ya kuma ƙaunaci ɗan'uwansa. Na uku shi ne wakilci. Sarakunan zamanin da sukan kafa siffarsu a garuruwan da ke nesa da fada domin a san ƙasar tasu ce, saboda haka malaman suka ce an ajiye mutum a duniya ne a matsayin mai riƙon amana.

Abin lura ga iyayenmu mata shi ne, ayar ta ambaci namiji da mace tare. Ba ta ce basarake ba, ba ta ce attajiri ba, ba ta ware wata ƙabila ba. A zamanin da aka rubuta ta, a Masar da Babila, sarki ne aka saba kira siffar abin bauta. Sai wannan littafi ya ɗora rawanin a kan kowane ɗan Adam, har da mai tallan ƙosai da mai turin baro.

Musulmi za su ga inda maganar ta kusanci abin da suka sani. Suratul Isra'i aya ta 70 ta yi zancen girmama 'ya'yan Adam da Allah Ya yi. Suratul Baƙara aya ta 30 ta ambaci sanya halifa a bayan ƙasa. Suratut Tin kuwa ta nuna an halicci mutum cikin mafi kyawun tsari, sannan yana iya faɗawa ƙasƙanci, in ban da masu imani da aikin ƙwarai. Harshenmu ma ya riƙe wani abu irin wannan, tunda daga kalmar mutum muka samo mutunci. Shi ya sa idan aka wulaƙanta wani muke cewa an ci mutuncinsa, kamar an cinye wani ɓangare na zamansa mutum.

Yadda hoton ya dusashe

Idan haka aka halicci mutum, me ya kawo tauye mudu da ha'inci da zubar da jini? Amsar Kiristoci tana cikin sura ta uku ta Farawa, inda Adamu da Hawwa'u suka saɓa wa umarnin Allah. Sun yi imani cewa wannan saɓo ya bar tabo a kan dukkan zuriyarsu, har kowane mutum yakan taso da karkata zuwa son kai. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, in ji Hausawa.

A nan akwai bambanci na fili da Musulunci, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Musulunci bai yarda da gadon zunubi ba. Ya koyar da cewa Annabi Adamu (AS) ya tuba, Allah Ya karɓi tubarsa, kuma kowane jariri ana haihuwarsa ne da tsarkin asali.

Su kansu Kiristoci sun yi saɓani kan girman ɓarnar. Wani malaminsu mai suna Ireniyus, wanda ya shugabanci majami'ar birnin Liyon na ƙasar Faransa a ƙarni na biyu, ya raba kalmomin nan biyu. A ganinsa siffa tana nan tare da mutum ko da ya yi saɓo, kamanni ne ya ɓace, wato kyan hali da kusanci da Allah. Katolika suna koyar da cewa an yi wa siffar rauni amma ba a shafe ta ba. Martin Luther da John Calvin, jagororin Furotesta a ƙarni na 16, sun fi tsanantawa, inda Calvin ya ce abin da ya rage ɓurɓushi ne da ya jirkice ƙwarai. Amma kusan dukkansu sun haɗu a kan cewa wani abu ya saura. Hujjarsu ita ce, a sura ta tara ta Farawa, bayan ruwan Ɗufana, an haramta kisan kai bisa dalilin cewa an yi mutum cikin siffar Allah. Ke nan ko bayan saɓon, hatimin yana nan. Komai lalacewar masa ta fi kashin shanu.

Yadda ake maido da shi

A nan ne misalin kuɗi ya shigo. A cikin Bisharar Matiyu sura ta 22 an ba da labarin yadda wasu suka zo su ɗana wa Yesu tarko da tambayar ko ya halatta a biya wa Kaisar, sarkin Rum, haraji. Sai ya nemi a nuna masa dinari, ya tambaye su hoton wane ne a kai. Da suka amsa na Kaisar ne, sai ya umarce su su bai wa Kaisar abin da yake nasa, su kuma bai wa Allah abin da yake na Allah.

Wani malami ɗan Afirka mai suna Agustin ya ɗauki wannan labari ya faɗaɗa shi. An haife shi a shekarar 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, ya rasu a 430. A cikin wa'azinsa yakan ce wa jama'arsa su kuɗin Allah ne da suka ɓace daga baitulmali, yawo ya goge hotonsu, kuma kamar yadda Kaisar ke neman hotonsa a kan dinari, haka Allah ke neman nasa a cikin mutum.

Akwai kuma labarin da ke cikin Bisharar Luka sura ta 15, wanda kowace mai adashe za ta gane. Wata mata tana da tsabar azurfa goma, ɗaya ta ɓace mata a ɗaki. Ta kunna fitila, ta share ɗakin kaf har ta gan ta, sannan ta kira maƙwabta su taya ta murna. Wani malami, Giregori na garin Nisa da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya fassara tsabar da siffar Allah da ƙazanta ta binne a cikin zuciya. A cewarsa tsabar ba ta bar ɗakin ba, tsintsiya da fitila take jira.

Shi kuwa Atanasiyus na birnin Iskandariyya a Masar, wanda ya rasu a 373, misalin mai zane ya kawo. Ya ce idan hoton da aka zana a kan allo ya ɓaci da dauɗa, mai zane ba ya jefar da allon. Yakan nemi mai hoton ya dawo ya zauna a sake zana shi a kan allon nan dai. A aƙidar Kiristoci, Yesu Almasihu shi ne cikakkiyar siffar Allah marar ganuwa, kamar yadda Manzo Bulus ya rubuta wa Kolosiyawa, kuma zuwansa duniya da mutuwarsa da tashinsa su ne suka buɗe hanyar sake zanen. Wannan ma wuri ne da addinan biyu suka rabu, domin Musulmi sun ɗauki Annabi Isa (AS) a matsayin bawan Allah kuma ManzonSa, ba su kuma yarda an gicciye shi ba.

Ta yaya gyaran ke faruwa a rayuwar mutum? Suna cewa yana farawa da tuba da ba da gaskiya da baftisma, sannan ya ci gaba har ƙarshen rai da taimakon Ruhu Mai Tsarki. Bulus ya kwatanta shi da tuɓe tsohuwar riga a sa sabuwa, ya kuma lissafta abin da za a tuɓe: fushi, ƙeta, ɓatanci, zagi da ƙarya. Abin da za a sa kuwa shi ne tausayi, kirki, tawali'u, haƙuri da yafe wa juna. Mu mun saba cewa hali zanen dutse ne. Su kuwa sun yi imani Wanda ya yi dutsen yana iya sake zanen, sannu a hankali, kuma aikin ba ya kammala sai a lahira. Saboda haka Kirista na gaskiya ba ya da'awar cewa shi sabuwar takarda ce fil. Yana ganin kansa tsohuwa ce da ke hannun mai gyara.

Yaron da aka sayar daga ƙasar Kance

Wataƙila mai karatu ya ce wannan duk zancen mutanen nesa ne. To, akwai ɗan ƙasar Damagaram a cikin labarin.

A ƙarni na 19 Zinder babbar mahaɗar fatake ce tsakanin Kano da Barno da Agadas har zuwa Tarabulus. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, aka ƙarfafa ganuwar Birni, aka ƙera igwa a cikin garin. Ana cinikin gishiri da fatu da gashin jimina da tufafi, ana biya da wuri ko da liyari, azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tarisa ta Austiriya wadda kowace ɗaya ke ɗauke da shekarar 1780. Amma gaskiya ɗaci gare ta: cikin hajar da ake kasawa har da 'yan Adam. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zinder a watan Janairun 1851, ya rubuta yadda ya ga an shigo da kamammu garin bayan wani hari.

A wajajen wannan lokaci ne mahara suka kama wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen ƙauyen Dambanas a ƙasar Kance. Aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka biyo ta Zinder da Katsina da Sakkwato har Tumbuktu, suka kuma isa Landan a 1855.

A Ingila Dorugu ya zauna shekaru a gidan wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ke nazarin Hausa. Daga bakin wannan yaro Schön ya ɗebi Hausa mai yawa, kuma a waɗannan shekaru ne ya buga fassarar Bisharar Matiyu a 1857 da Littafin Farawa a 1858. Wato lokacin da aka fara buga ayar siffar Allah da Hausa, mutumin da ke zaune kusa da mai fassarar yaro ne da aka taɓa yi wa kuɗi kamar akuya. Dorugu ya karɓi addinin Kirista, ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, ya ƙare rayuwarsa a Kano inda ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, ya rasu a 1912. Labarin rayuwarsa da ya bayar da bakinsa yana cikin littafin Magana Hausa na 1885. Sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Giregori da muka ambata a baya ya taɓa yin wa'azi mai zafi a kan masu sayen bayi tun a ƙarni na huɗu. Ya tambaye su nawa suka taya siffar Allah, kuma wa ya ba su ikon sayar da abin da ba nasu ba. Adalci ne mu faɗa cewa ba a saurare shi ba. Ƙasashen Turai masu kiran kansu Kiristoci sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jigilar bayi zuwa Amurka, kamar yadda sarakunanmu Musulmi suka kama na kusa da su suka sayar. Daga baya masu yaƙi da bauta sun ɗaga wannan aya a matsayin hujja. A Nijar kuwa sai a 2003 doka ta tanadi hukunci ƙarara a kan bautar da mutum.

Daga Kara-Kara zuwa Danja

Ba sai mun koma tarihi ba kafin mu ga takardun da kasuwar duniya ta ƙi karɓa. Kowa a Zinder ya san unguwar Kara-Kara, wadda aka kafa domin keɓe kutare. Shekara da shekaru sunan unguwar kaɗai ya isa ya sa a ƙi ɗaukar yaro aiki ko a ƙi ba shi aure, alhali kuturta ciwo ne mai magani. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, ana sha wata shida zuwa shekara guda, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta.

A irin waɗannan unguwanni ne ƙungiyoyin matasan nan da ake kira palais suka yi ƙarfi. A 2021 wata 'yar Zinder mai shirya fina-finai, Aisha Macky, ta fito da fim mai sunan garin, inda ta shiga Kara-Kara ta nuna waɗannan matasa ido da ido: masu ɗaga ƙarfe, masu fasa dutse, masu fasa-ƙwaurin mai, da wani tsohon shugaban daba da ya koma sana'ar kabu-kabu yana fama da nadamar abin da ya aikata. Duk wanda ya kalli fim ɗin zai ga cewa a ƙarƙashin tabon wuƙa akwai ɗan mutum mai neman a gan shi.

Idan ka tambayi Kirista dalilin da ya sa mishan suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956, inda a 2012 aka ƙara cibiyar kula da mata masu yoyon fitsari, wannan aƙida tana cikin abin da zai faɗa maka. Ba su ɓoye cewa yaɗa addininsu na cikin manufarsu ba. Amma sun kuma yi imani cewa hannun da kuturta ta cinye yatsunsa, da matar da miji ya sake ta saboda wari, duk suna ɗauke da hatimin Mahalicci, kuma wanke musu miki girmama Mai hatimin ne. Musulmi ma suna da abin tunawa a nan. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawa, da aka ce masa ta Bayahude ce sai ya tunatar da su cewa ai rai ne.

Ranar da aka gwada aƙidar

Idan masu karatu ba su manta ba, ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 zanga-zanga ta ɓarke a Zinder saboda zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga. Ɓacin ran Musulmi a kan wannan zane abu ne da kowa ya fahimta. Amma fushin ya sauka a kan waɗanda ba su zana komai ba. An ƙone majami'u da makarantar mishan da gidaje da shaguna da cibiyar al'adun Faransa. Washegari wutar ta kama a Yamai. Hukuma ta ce mutum goma suka rasu, biyar a Zinder, biyar a Yamai, aka yi zaman makoki na kwana uku. Ɗaruruwan Kiristocin Zinder sun kwana a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a cikin gidajensu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa muka ɗauko wannan batu. Shugabannin majami'u, na Katolika da na Furotesta, sun fito sun roƙi mabiyansu su yafe, kada su rama. Wani zai ce tsoro ne, tunda 'yan tsiraru ne. Mai yiwuwa akwai tsoro, ɗan Adam ne. Amma wanda ya fahimci aƙidarsu zai ga cewa ita ma ta ɗaure su. Idan kowane mutum na ɗauke da siffar Allah, to har da yaron da ya riƙe galan ɗin fetur a ranar, kuma shi ma allonsa bai wuce a sake zana shi ba. Su kuwa Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu, sun yi aiki ne da haƙƙin maƙwabtaka da addininsu ya ɗora musu. Kowane ɓangare ya ɗebo daga rijiyarsa, amma a ranar sun tsare abu guda, wato ran ɗan Adam da mutuncinsa.

Abin da ya shafi rumfunanmu

'Yan'uwa 'yan kasuwa, irin wannan rana ba kullum take zuwa ba. Wadda take zuwa kullum ita ce ranar ciniki, kuma a nan ake gane wanda ya ɗauki mutum da daraja.

A cikin wasiƙar Yakubu sura ta uku an yi tir da harshen da ke yabon Allah sannan ya juya ya zagi mutanen da aka yi cikin kamanninSa. Mu duba kanmu. Sau nawa muke idar da salla ko addu'a, mu dawo rumfa mu zazzaga wa yaron shago ashar saboda ya zubar da tiya guda ta wake? Sau nawa muke kiran almajiri ko ɗan dako da sunan da ba za mu yarda a kira ɗanmu da shi ba? Yarinyar da aka kawo mana aikatau daga ƙauye, tana cin abin da 'ya'yanmu suke ci? Idan baƙauye ya shigo bai san farashi ba, ko tsohuwar da ido ya yi mata rauni, tiyar da muke auna musu ita ce wadda muke auna wa ɗan gari? Attaura ta hana ajiye ma'auni iri biyu a jaka, Alƙur'ani kuma ya saukar da sura sukutum a kan masu tauye mudu. A wannan babu saɓani ko kaɗan.

Haka nan maganar wanda ya faɗi yake neman tashi. Yaron da ya fito daga gidan kaso, matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari ta dawo, ɗan kasuwar da ya karye ya ci bashi, duk suna zuwa bakin rumfunanmu. Ba mu ce a ba da amana ido rufe ba, kasuwa tana da ƙa'idarta. Amma ana iya fara gwada mutum da ɗan jari ko ɗan aike, a ga kamun ludayinsa, maimakon a yanke masa hukunci daga sunan unguwarsu.

Hajiya tana da 'yancin mayar da tsohuwar takarda, tunda akwai bankin da zai canza ta. Mutumin da jama'a suka mayar kuwa, sau da yawa ba shi da wurin zuwa sai inda ya fito. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya kuma tsare Damagaram daga sake ganin irin waccan rana, amin.